Kwana Bakwai da Ba Su Cika Ba

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a ɗakin ajiye gawa na babban asibitin garinmu, kuma a cikin shekarun nan duka sau huɗu kacal na san ya ci Jibin Ubangiji. Ni malamin lissafi ne, ƙirga ce sana'ata, saboda haka na daɗe ina tsammanin lissafin nan nawa babu gyara a ciki.

A cocinmu, Lahadi ta farko a kowane wata ake shimfiɗa farin mayafi a kan tebur, a ajiye gurasa da ƙoƙo. Bayan wa'azi sai a riƙa tashi benci-benci, ana zuwa gaba ana karɓa. Baba kuwa wurinsa ɗaya ne, bencin ƙarshe, gefen da ke manne da ƙofa. Idan layi ya zo kansu, kowa ya miƙe, shi sai ya janye gwiwoyinsa a wuce, ya ɗora hannuwansa a cinya ya sunkuyar da kai. Har laƙabi ya samu saboda haka, Baban Ƙofa. Baƙi suna ɗauka mai gadi ne, wasu har sukan tambaye shi inda ban ɗaki yake, shi kuma ya tashi ya nuna musu da fara'arsa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ƙasa-ƙasa. A asibiti Mai Makulli suke ce masa, don makullan ɗakin nan a wuyansa suke kwana. Ɗakin yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, inda hanyar siminti ta ƙare. Ƙofarsa koriya ce. A ciki akwai tebur biyu na ƙarfe masu magudanar ruwa a gefe, da firji mai aljihu shida wanda aka ɗaure hannun na uku da waya, da famfo mai ɗiga wanda ya gagari masu gyara. Su biyu ne a wurin, shi da abokin aikinsa da ake kira Dogo. Baba yana sa rigar roba da takalmin ruwa da safar hannu, ya wanke mutum tun daga kai har tafin ƙafa, ya taje masa gashi, ya ɗaure haɓa da bandeji don kada baki ya buɗe. Kuma yana yi yana magana da su. Dogo ya ce bai taɓa ganin ya juya gawa ba tare da ya ce, "Sannu bawan Allah, bari in juya ka," ba.

Idan ya dawo gida ba ya shiga ɗaki kai tsaye. Yana da bokitinsa da sabulunsa a bayan gida, da ƙusar da yake rataye kayan aiki. Duk da haka warin maganin da suke sa wa gawa ba ya barin hannunsa, wani wari mai kaifi da ke sa ido ruwa. Mama ta saba, har wasa take yi da shi. Yana fitowa daga wanka sai ta ce, "Maigida, ya mutanenka? Sun kwana lafiya?"

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau. Yau ma ko ɗaya bai kawo ƙara ba."

Dalilin zamansa a bakin ƙofa ba ɓoyayye ba ne, kowa a gida ya sani. Ya karanta a littattafan shari'a, can farkon Maganar Allah, cewa wanda ya taɓa gawa ba shi da tsarki har kwana bakwai, kuma kada ya kusanci wuri mai tsarki kafin kwanakin su cika. Baba ya ɗauki maganar yadda take. Akwai kalanda a bangon ɗakinsa da fensir ɗaure da zare. Duk ranar da ya taɓa gawa sai ya ja layi, ƙirga ta koma farko. To mutumin da ke zuwa aiki kwana shida a mako, yaushe bakwai za ta cika masa? Sai dai in ya samu hutu, kuma hutun ya faɗo daidai kafin Lahadi ta farko. Ko hakan ta samu, a kwana na biyar ko na shida sai ka ji sallama a ƙofar gida, an yi rasuwa a unguwa, babu wanda ya iya shirya mamaci. Bai taɓa cewa a'a ba. Ya ɗauki jakarsa ya bi su, ya dawo ya ja layi.

Idan kuwa kwanakin suka fara tafiya, yana yin wanka na musamman a rana ta uku da ta bakwai, yadda ya fahimci dokar, sannan ranar Lahadi ya sa farar rigarsa. Sau biyu hutu ya ba shi dama. Sau ɗaya rufin ɗakin gawar ne ya rufta aka rufe shi mako biyu. Na huɗun, babur ne ya buge shi ya karye a ƙafa, ya yi wata biyu a gida. Mama ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya yi murna da karaya ba sai mijinta. Da sanda ya dogara ya je gaban teburin, yana murmushi har kunne.

Fastoci uku sun zo sun tafi, kowannensu ya gwada shi. Sukan ce masa, "Baba, ai wannan tsohuwar doka ce, mu yanzu muna ƙarƙashin alheri." Ya saurara da ladabi, ya ce, "Na gode, Fasto, Allah ya ƙara basira." Ranar Lahadi ka same shi a bakin ƙofa. Ni ma a raina na ga gajartar amsar tasu, domin Baba yakan tambaye ni a gida, "In tsohuwa ce, me ya sa ba a cire ta daga Littafin ba? Wanda ya faɗe ta ya canza hali ne?" Sai in kawo wata hira.

Ina da shekara talatin da takwas aka kawo mana sabon Fasto, siriri mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya. Ya buɗe aji ranar Laraba da yamma, ya ce zai bi da mu maganar sujada tun daga shafin farko na Littafin har na ƙarshe, a matsayin labari guda. Ya ja dogon layi a allo, ya rubuta kalmomi shida a kansa: gona, alfarwa, haikali, gicciye, tebur, birni. Ya ce tambaya ɗaya ce take tafiya a kan layin nan: ta yaya mutum zai matso kusa da Allah mai rai?

Mako goma muka yi. Ya nuna mana cewa a gonar farko babu labule babu ƙofa, aikin da mutum yake yi da hannunsa shi ne hidimarsa ga Allah. Da mutuwa ta shigo, sai aka yi nisa. Allah bai fasa zama tare da mutane ba, ya sa aka kafa alfarwarsa a tsakiyar zangonsu, amma da labule da firistoci da dokokin tsarki, don a koya musu cewa mutuwa ba ta da wurin zama a gabansa. Dokar gawa ba ƙyamar mai wanke gawa ba ce, in ji Fasto, shaida ce cewa Allah bai shirya da mutuwa ba. Sannan Ubangiji ya zo da kansa, ya kama hannun yarinyar da ta mutu, ya taɓa makarar saurayi, ƙazanta ba ta hau shi ba, rai ne ya fita daga gare shi ya shige su. Ya shiga mutuwar da kansa, labulen haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Shi ya sa yanzu ba gaban labule muke tsayawa ba, a tebur muke zama, kuma abin da ke kan teburin jiki ne da aka ba da ga mutuwa dominmu. A birnin ƙarshe ma babu haikali sam, don babu sauran nisa.

Ranar da ya gama bayanin labulen, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ga amsar tambayar Baba a rubuce da alli: ba a cire dokar ba domin ita ce tsakiyar labarin, shi kuma a tsakiyar ya tsaya. Na kwafe layin tsaf a littafin rubutuna. Halina ne in na gane abu sai in ɗauka kowa ma jira yake in zo in gaya masa.

Ranar Asabar da la'asar na sami Baba a baranda yana liƙe takalmin ruwansa da ya huje. Na gaishe shi, na jawo kujera, na buɗe littafi. Na fara daga gona. Ya saurare ni har ƙarshe, yana shafa gam yana hurawa. Da na kai kan yarinyar da saurayin, na ce, "Ka gani, Baba? Ubangiji da kansa ya taɓa gawa, kuma bai ƙirga kwana ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam, shi da ya taɓa su tashi suka yi. Ni na taɓa dubu nawa, ko ɗaya bai motsa ɗan yatsa ba. Kada ka haɗa ni da shi."

Na ce, "Ba haɗa ku nake ba. Cewa nake ya buɗe hanya, labulen ya tsage."

"Na ji. Ga masu hannu mai kyau ya tsage."

"Ga kowa, Baba!"

"To su je. Ni ban tare wa kowa hanya ba, ai kana gani har gwiwata nake janyewa."

Nan raina ya ɓaci. Mako goma na karatu, tsoho ya ture da magana biyu yana hura gam. Ina da wannan mugun hali na malamai, in ɗalibi ya ƙi bin hanya mai sauƙi sai in nuna masa cewa tasa hanyar ma ba ta kai ko'ina. Na ce, "To shi ke nan, mu bi dokar taka. Ka karanta ta har ƙarshe? Ba ta ce a yi wanka da ruwan famfo ba. Akwai ruwa na musamman da ake haɗawa da tokar jar saniyar da aka ƙona hadaya, kuma wani mai tsarki ne zai yayyafa maka a rana ta uku da ta bakwai. In ba a yi haka ba, ko shekara ka ƙirga ba ka tsarkaka ba. Ina tokarka? Wa ya taɓa yayyafa maka?"

Nufina ya ga cewa hanyar nan a rufe take, ya juyo ya bi wadda aka buɗe. Wallahi nufina ke nan.

Ya ajiye takalmin a hankali. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Na ga wurin. Nakan ce Allah ya san ba ni da wancan ruwan, zai karɓi na bokiti." Ya ɗago kai. "Ke nan sau huɗun nan ma da na je, da ƙazantata na je."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"A'a, malam, lissafinka daidai ne. Kai ne ka yi makaranta."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito, kalandar tana hannunsa a naɗe, ya tura ta bayan kabad ya ɗauki takalminsa ya ci gaba da liƙi.

A shekarar nan hutunsa ya faɗo daidai yadda bai taɓa faɗowa ba, kwana goma sha biyu cur kafin Lahadi ta farko, kuma babu wanda ya rasu a unguwa. Mama ta wanke farar rigar ta goge ta rataye a ƙofa. Baba ya sa wata shuɗiya ya tafi coci. Da layi ya zo, ya janye gwiwoyinsa.

Muna dawowa Mama ta ja ni kicin ta tura ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Me ka gaya wa ubanka?" Na faɗa mata. Ta zauna a kan kujerar tsugunno.

Ta ce, "Kai mai lissafi, kullum kana cewa sau huɗu. Biyar ne. Na farkon ne ba ma faɗa."

Sannan ta ba ni labarin. Watansa na farko a aikin ne, ina can ajin yara a bayan coci. A lokacin ƙoƙo ɗaya ne ake miƙa wa juna. Baba ya sha, ya miƙa wa matar da ke bayansa, matar wani dattijon ikilisiya. Ta dubi ƙoƙon, ta dubi hannunsa, ta ce da ƙarfi yadda benci uku suka ji, "Ni ba zan sha bayan mai gawa ba." Ta miƙa gaba. Mutum uku da ke bayanta su ma suka ƙi, sai da aka kai ƙoƙon waje aka ɗauraye. Babu wanda ya ce uffan, har Faston lokacin. A makon nan Baba ya yi ta buɗe Littafin har ya samo maganar kwana bakwai.

Mama ta ce, "Kana tsammani dokar nan ce ta kore shi? Mutane ne suka kore shi. Dokar ce ta ba shi abin riƙewa. Da ita yake ce wa kansa Allah ne ya ce ya ɗan jira kwana bakwai, ba mutane ne suka ce ya tafi gaba ɗaya ba. Ɗan abin nan da yake lallaɓawa da shi, ka zo da littafinka ka ƙwace." Ta share ido da bakin zane. "Ka iya karatu, ɗana, amma ba ka iya ubanka ba."

Na nemi gafararsa a ranar, na durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Tashi, me ka yi? Gaskiya ka faɗa." Na kawo Fasto gida. Fasto ya yi magana mai taushi, ya ce abin da aka yi masa a shekarun baya zunubi ne, ikilisiya ce ta sake ɗinka labulen da Allah ya tsage, kuma ya roƙe shi gafara a madadinta. Baba ya ce, "Haba Fasto, ai ya wuce. Na gode, Allah ya ƙara basira." Matar nan da ta ƙi ƙoƙon ta daɗe da rasuwa, kuma na ji daga bakin Dogo cewa Baba ne ya shirya ta, ya taje mata gashi, ya ce mata sannu. Ƙoƙo ɗayan ma an daina shi, kowa da ɗan ƙaramin nasa yanzu. Duk abin da za a iya gyarawa an gyara, amma Baba yana bakin ƙofa.

Shekara biyar aka yi a haka. A cikinsu ya yi ritaya, ya miƙa wa Dogo makullai. Zuciyarsa ta fara ba shi wahala, ƙafafunsa suka kumbura, masu sallama a ƙofa suka daina zuwa don ba ya iya tsayuwa mai tsawo. Ya yi wata da watanni bai taɓa gawa ba, amma babu kalanda a bango. Ina kai shi coci a motar maƙwabcinmu, in zaunar da shi a wurinsa, in je gaba in karɓi gurasa in dawo, ba na iya haɗa ido da shi. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na shekarun nan ba. Na san amsar, zan iya zana ta a allo idona a rufe, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna abin da bakin nan ya riga ya yi, in ja shi in rufe. Sai in tambaye shi ko ya sha magani.

Wata Litinin da rana, bayan an tashi daga makaranta, na biya na same shi a baranda da Littafin a cinya, tabarau a karan hanci. Ya ce, "Malam, zauna in tambaye ka. Matan nan da suka je kabari da sassafe da kayan ƙanshi, me suka je yi?"

Na ce, "Su shafe jikin Ubangiji."

"Wato su shirya gawa."

"Haka ne."

"Aikina ke nan." Ya ɗora yatsa a kan shafin. "Shekara nawa ina karanta wurin nan ban lura ba. Sun fito da kayan aiki, sun shiga har cikin kabari. Da suka haɗu da shi a hanya, nan take suka kama ƙafafunsa suka yi masa sujada. Bai ce su ja baya ba. Bai ce su je su ƙirga ba." Ya cire tabarau. "Ashe abokan aikina ne suka fara yi masa sujada bayan ya tashi."

Wannan ba ya cikin littafin rubutuna, ba ya kan layin Fasto. Na riƙe bakina gam, don na san in na buɗe shi zan fara bayani.

Ya ce, "Lahadin nan ta farko ce ko?"

"Ita ce, Baba."

"Daga bencina zuwa teburin, taku nawa ne?"

A ranar na je na karɓi makulli wurin mai shara, na shiga cocin babu kowa, na taka hanyar da gajeren taku irin nasa. Goma sha tara. Na sake takawa don in tabbatar. Shekara talatin da wani abu, taku goma sha tara.

Da Fasto ya ji, ya ce a bar tsoho ya huta, zai kawo masa Jibin har gida ko gobe. Na ji daɗin wannan, na roƙi Baba ya yarda. Ya ƙi. Ya ce, "Na daɗe ina kallon hanyar nan daga baya. Da ƙafata zan bi ta, kuma a gaban mutane." Na so in matsa masa, ina kallon kumburin ƙafarsa da yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Amma wa ya isa ya sake matsa wa Baba a kan maganar tebur? Ba ni ba dai.

Na ɗebo alli daga makaranta na ja layi goma sha tara a tsakar gida. Mama ta zauna a ƙarshe da kofin ruwa a kan kujera, tana ce masa, "Taho mana, ango, amarya ta gaji da jira." Ranar Talata ya yi takwas ya nemi kujera. Laraba ya yi goma sha ɗaya. Alhamis ya kai goma sha huɗu, ya tsaya yana haki, ya dogara da sanda yana kallon biyar ɗin da suka rage. Ya ce, "Saura kwana uku, saura taku biyar. Malam, lissafi zai fita?" Na ce zai fita.

Ranar Juma'a da safe ya sha shayinsa, ya ce wa Mama ta duba ko farar rigar tana buƙatar guga. Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Kafin ta fito ya cika, a zaune, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Can aka kai shi, bayan wurin wanki, ɗaki mai koriyar ƙofa. Ranar Asabar na je na ce wa Dogo ni zan wanke shi. Ya dube ni ya ce, "Ka taɓa yi?" Na ce a'a. Ya miƙo mini rigar roba. Ya jawo aljihu na uku, mai hannun waya. Ya nuna mini yadda ake tallafe kai, da yadda ake bin bayan kunne da tsakanin yatsu. Safar hannun ta dame ni, na cire ta. Famfon nan yana ta ɗiga. Da muka zo juya shi, Dogo ya tsaya bai kama ba, yana jirana. Na gane abin da yake jira. Na ce, "Sannu Baba, bari in juya ka." Daga nan ban ƙara ganin abin da nake yi sosai ba, Dogo ne ya ƙarasa taje gashin. Muka sa masa farar rigar.

An sa jana'iza ranar Talata saboda 'yan'uwa na nesa. Ranar Lahadi na raka Mama coci. Ban yi niyya ba, ƙafata ce ta kai ni bencin ƙarshe, na zauna a gefen ƙofa. Na wanke hannuna ya fi sau goma tun jiya, amma warin maganin nan yana nan, mai kaifi, irin wanda na taso ina ji a hannun Baba. Aka yaye farin mayafi. Aka fara tashi benci-benci.

Da layi ya zo kanmu, na kasa tashi. Ni da na kwafe layin allo, ni da na san gona da alfarwa da labule, na tsinci kaina ina janye gwiwoyina a wuce. Wata mata ta ɗan kauce da zanenta da za ta gifta ni. Wataƙila ba komai take nufi ba, wataƙila wurin ne ya matse. Amma na ji abin har cikin ƙashina, kuma a lokacin na san inda Baba ya zauna shekarun nan duka.

Mama ce ta kama wuyan hannuna. Ta ja. Na miƙe. Ban so in ƙirga ba, amma na ƙirga. Takwas. Goma sha ɗaya. A na goma sha huɗu ƙafafuna suka tsaya cak a tsakiyar coci, mutanen baya suka tsaya suna jira. Na dubi teburin, yana nan kusa, in ka miƙa sanda za ta kusa taɓa shi. Mama ta matse hannuna ta ce ƙasa-ƙasa, "Ƙarasa masa."

Biyar ɗin da suka rage ita ta ja ni. Fasto ya dube ni, ya san inda na wuni jiya. Na buɗe tafin hannuna, ya ɗora gurasar a kai. Da na kai ta baki, warin maganin ne ya fara isa hancina, na ci a haka.